Kafin a cire shi daga lakkol, a gano inda ya tsaya

Wasiƙar wannan makon daga wata uwa ce a Tahoua. Na cire duk abin da zai sa a gane ta.

"Assalamu alaikum, Malam. Ni mace ce mai ƴaƴa huɗu. Maigidana yana Abijan wajen biɗa, sai ya daɗe bai zo gida ba. Damuwata a kan yarona na fari ce, shekararsa 13. Ya shiga lakkol a 2019, ya gama firamare bai taɓa maimaita aji ba, bana ya shiga kolaji. Da ya kawo takardar sakamakon zangon farko, 6 ya samu cikin 20. Na tambaye shi, sai ya sunkuyar da kai. Ƙanen babansa ya zane shi, babu abin da ya canza. Na ɗaukar masa mai koyarwa a gida, jikka 5 duk wata, ban ga bambanci ba. Na karɓo masa rubutu, na hana shi ƙwallo. Wani mushensu, wato malaminsu na lakkol, ya gaya wa ƙanwata wai yaron rago ne, ba ya ƙoƙari. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, a makarantar allo yana cikin na gaba, ya haddace izu 8. Yanzu ya fara kukan ciwon kai da safe, kuma an gaya mini wasu ranaku yana fita da jaka amma ba ya isa aji. Babansa ya ce ta waya in ba zai yi ba a cire shi, a kai shi gareji, ko a tura masa shi ya taya shi sayar da kaya. Ni ban yi boko ba, ban san abin da ke cikin littattafansa ba, ga shi ɗan fari, ba na iya zama da shi mu yi doguwar magana. Malam, in cire shi ne, ko akwai abin da ya rage?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba ki ladan ɗawainiya, ya dawo da maigida lafiya.

Kada ki cire shi bana. Ba don in kwantar miki da hankali nake faɗa ba, dalilina yana cikin wasiƙarki. An yi wa yaron nan magani iri-iri, ga bulala, ga mai koyarwa, ga rubutu, ga hana ƙwallo, amma har yau babu wanda ya zauna ya gano mene ne ciwon. "Ba ya ƙoƙari" abin da ake hangowa daga nesa ne kawai. Yaron da ba ya ganin allo, da wanda ya fito gida cikinsa babu komai, da wanda ba ya iya karanta abin da aka rubuta, da wanda manyan yara ke tsarewa a hanya, duk in ka hango su daga gaban aji kamanninsu ɗaya: shiru, kai a ƙasa, takarda fara. Haka ma makin nan na 6. Ya gaya miki akwai matsala, bai gaya miki inda take ba.

Garejin da babansa ke magana, in kika lura da yadda bakanike na ƙwarai ke yi da babur ɗin da ya ƙi tashi, ba ya fara kwance inji. Yakan leƙa tanki ya ga ko da mai, ya cire buji ya duba wuta, yana bi daga mai sauƙi zuwa mai wuya, kuma duk abin da ya taɓa sai ya sake bugawa ya saurara kafin ya taɓa wani. Haka nake so a bi da yaron nan, kuma yawancin abin da zan lissafa miki ba ya cin ko dala.

Amma sai an fara share fage. A ajiye bulala. Na san ba abu ne mai sauƙi ba ki ce wa ƙanen miji kada ya hori ɗan wansa, don haka ki bi ta kan surukarki ko ta kan maigida, a ce masa ana neman wata biyu don a gwada wata hanya. Dalili kuwa, duk binciken da za a yi ya dogara ne ga yaron ya yarda ya nuna abin da bai iya ba, kuma yaron da ke jiran duka ɓoyewa zai yi. Ki maido masa da ƙwallonsa, ko da sau biyu a mako ne, domin mai yiwuwa nan ne kaɗai wurin da yake jin shi ma ya iya wani abu. Addu'a kuwa ki ci gaba da ita, ba ta hana bincike, bincike ba ya hana ta.

Yanzu ga zargina, kuma zargi ne, sai an gwada. Yaron da ya haddace izu 8 ba daƙiƙi ba ne, ba kuma rago ba ne, don rago ba ya tashi da asuba ya riƙe allo har ya kai nan. Ina kyautata zaton yaronki bai iya karanta Faransanci yadda ajinsa ke buƙata ba, kuma wannan kaifin hadda nasa shi ya rufa masa asiri shekara shida. A firamare malami ɗaya ne, ana rera darasi baki ɗaya, ana maimaitawa, yaro mai saurin riƙewa sai ya kwashe da kunne ya mayar a jarrabawa. A kolaji wannan dabarar ba ta ci. Kowane darasi da malaminsa, wannan ya fita wancan ya shigo, a cika allo da rubutu a goge kafin ka gama kwafa, a ƙara maka Ingilishi a kai. Tarihi karatu ne, kimiyya karatu ce, hatta lissafi sai ka karanta tambaya ka gane ta. Wanda karatunsa bai tsaya ba, duk darussan ne ke zubewa tare.

Kada ki ɗauka naki ne kaɗai. Akwai wani bincike da ake kira PASEC, wanda ke auna ɗaliban ƙasashen da ke karatu da Faransanci. A 2014 ya gano cewa a Nijar, cikin yaran da ke ajin ƙarshe na firamare, waɗanda suka kai matakin da ake buƙata a karatu ba su kai ɗaya cikin goma ba. A 2019 an samu ci gaba, suka kai kusan uku cikin goma. Ke nan mafi yawan yaranmu suna isa ƙofar kolaji karatunsu bai nuna ba. Ki kuma duba shekarun yaronki. Yana CI, ajin da ake koyon baƙaƙe, aka rufe makarantu saboda korona daga Maris zuwa farkon Yunin 2020. Yana CM2, ajin ƙarshe na firamare, ambaliyar 2024 ta sa aka ɗage komawa makaranta har ƙarshen Oktoba. Farkon karatunsa da ƙarshen firamarensa duk an gutsure su. Wucewa daga aji zuwa aji ba tare da maimaitawa ba kuwa ba shaida ba ce cewa an iya.

Gwajin da zai tabbatar ko ya rushe wannan zargi bai wuce minti ashirin ba, kuma ƙanwarki, tunda har tana iya magana da malamansa, za ta iya yi. Ta aro littafin karatu na CE1 ko CE2, wato aji uku ko huɗu na firamare, a maƙwabta. Ta zaɓi lokacin da ƙannensa ba sa nan, ta gaya masa ba jarrabawa ba ce kuma ba wanda zai taɓa shi. Ta buɗe wani ɗan labari da bai taɓa gani ba, wannan sharaɗin yana da muhimmanci, don in ya san labarin haddarsa zai kawo. Ya karanta a bayyane, ita kuma tana duban agogon waya, ta ƙirga kalmomin da ya karanta daidai cikin minti ɗaya, ta rubuta adadin da kwanan wata. In labarin ya gagare shi ta sauko zuwa gajerun jimloli, in sun gagara ta sauko zuwa kalmomi ɗai-ɗai, daga nan gaɓoɓi, daga nan haruffa, har ta kai matakin da yake tafiya babu gargada. Wannan matakin shi muke nema. Irin gwajin nan na bin mataki-mataki ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta yaɗa shi, ana yin sa gida-gida, kuma an sauƙaƙa shi ne da gangan don wanda ba malami ba ma ya iya.

Bayan ya karanta, ta rufe littafin ta tambaye shi da Hausa: me labarin ya ce? Wa ya yi me, don me? A nan ne za a ga bambancin da ke da amfani. In yana tuntuɓe wajen haɗa haruffa, yana cankar kalma daga harafin farko, to tushen ne bai kafu ba, sai a koma kan sauti da gaɓa. In yana karantawa sumul amma bai san abin da ya karanta ba, to haruffa ba su ne matsala ba, kalmomin Faransanci ne ba shi da su, maganinsa yawan karanta labarai masu sauƙi ana fassara masa ana hira a kai. In kuwa ya karanta ya kuma bayyana daidai, to zargina ya faɗi, kuma mun ƙaru, sai mu juya wani wajen da sanin cewa ba nan ba ne.

Lissafi ke da kanki za ki fara. Ki ce masa: tiya uku ta gero, kowace dala 150, na ba da jikka 3, nawa ne canjina? Ina sa ran zai ba ki amsa kafin ki rufe baki. Sai ƙanwarki ta rubuta masa ɗebewa mai aro, kamar 52 a cire 17, da rabawa, kamar 456 a raba gida 3, daga ƙarshe ta ba shi irin tambayar geron nan amma a rubuce da Faransanci. In ya ci ta baki, ya ci ta lambobi, ya faɗi ta rubutun Faransanci, kin ga lissafinsa lafiya lau, harshe ne ya tare shi. Akwai ma wani abu da ba a cika lura da shi ba: yaranmu da dala suke ƙirga a gida da kasuwa, a aji kuma da faran, kowace dala faran biyar. Yaro yakan san amsa sarai a kansa, wajen juya ta ne yake ɓata.

A makon nan kuma a duba jikinsa, don ciwon kan nan bai kamata a yi masa hukuncin ƙarya tun ba a bincika ba. Ki rubuta ko ki zana wasu alamu a bango da gawayi, manya da ƙanana, ki tsayar da shi kamar mita shida, ya rufe ido ɗaya ya faɗa, ya sake da ɗayan, sannan ki sa ƙanensa ya yi don ki kwatanta. Yaron da ba ya gani daga nesa sau da yawa bai san da haka ba, yana zaton kowa haka yake gani. Kuma ki lura, a makarantar allo rubutu na kan cinyarsa ne, a kolaji yana can bangon gaba, wannan kaɗai na iya sa yaro ya yi fice a can ya kasa a nan. Ki tsaya bayansa ki yi magana ƙasa-ƙasa ta kowane gefe ki ga ko yana ji, musamman in ya taɓa ciwon kunne mai fitar da ruwa. Ki kai shi CSI, wato ƙaramin asibiti na unguwarku, a duba ƙarfin jininsa, don zazzaɓin damina da tsutsar ciki kan bar yaro da ƙarancin jini, ga kasala ga ciwon kai. In yana wanka a tabki, a tambaye shi ko yana ganin jini a fitsari, tsargiya tana da magani. In an ga alamar matsalar ido, ki nemi a tura ku wurin masu duba ido. Barci ma a lissafa: mai shekara 13 yana bukatar awa 8 zuwa 10. In yana karatun dare, ya yi aike, ya tashi da asuba, ki ƙirga abin da ya rage masa. Kuma ya sa wani abu a ciki kafin ya fita, ko koko ne.

Ki samu ƙaramin kaye, na wannan aikin kaɗai. Ba sai kin iya rubutu ba, zane ya isa. Mako biyu, kowace rana ki sa alama: yau ya yi kukan kai ko bai yi ba, ya isa aji ko bai isa ba. Na biyun za a samo shi daga mai kula da rajistar ɗalibai a makarantar. Abin da kike nema shi ne ko abin yana da rana. In kan na ciwo Litinin zuwa Juma'a amma Lahadi garau yake, to ciwon na gaske ne amma fargaba ce ke kawo shi. In kullum Talata da Alhamis yake ɓacewa, a duba wane darasi ake yi ranakun. Sau da yawa za a tarar ranar da ake sa yara karatu a bayyane ce, ko ranar dikte, wato shifta, ko ranar wani malami da ya taɓa kunyata shi gaban ƴan aji. Wani lokaci kuma abin bai kai haka ba: ya makara wajen ɗebo ruwa, ya san za a hore shi a ƙofa, sai ya zarce.

Batun kunyar ɗan fari na gane shi, kuma ba zan ce ki yar da tarbiyyar da kika tashi a ciki ba. Sai dai dole a samu wanda yaron zai buɗe wa ciki. Ba wanda ya doke shi ba. Kakarsa ta fi kowa, don tsakanin kaka da jika akwai wasa, kuma cikin wasa ake jin abin da tsawa ba ta fitarwa. In babu, kawunsa na wajenki. Kada a tambaye shi "me ya sa ba ka karatu", wannan ba ta da amsa. A tambaye shi wane darasi ne in an shigo yake jin gabansa na faɗuwa, ina yake zama a aji, da wa yake tafiya, ina yake zuwa in bai shiga ba. Ta ƙarshen nan a bi ta da kyau. Ba ina zargin yaronki ba ne, amma kowa ya san tiramol na yawo a garuruwanmu, kuma yaron da ke gararamba da safe da jaka a baya shi masu ita ke samu. Ke kuma, ko ba ki zauna hira da shi ba, ki bari ya ji a bakin wani cewa kin ce ba za a cire shi ba sai an nemo abin da ke damunsa. Yana bukatar jin haka.

Sai makaranta. Ki je da ƙafarki, ke da ƙanwarki, kada ki ce ba ki yi boko ba. Ki nemi malamin da ke riƙe da ajinsu ko darakta, ki gaishe su, ki nuna taimako kika zo nema ba ƙara kika kawo ba. Malaman nan da yawansu suna fama da aji cike maƙil da ƙarancin littattafai, in kika tambayi "yaya yaron nan yake", amsar da ƙanwarki ta samu za ki samu. Ki yi tambayar da ke da amsa. A nuna miki makinsa darasi-darasi, don 6 ɗin nan haɗaka ce: yana iya zama 11 a wani wuri, 2 a wani. A nuna miki takardun jarrabawar da aka gyara, a ga ko fara yake bari, ko yana farawa lokaci ya ƙare masa, ko yana amsa abin da ba a tambaya ba. Ƙanwarki ta duba littattafan da yake kwafar darasi, ta ga ko suna cika ko a rabi suke tsayawa. Ki roƙi a dawo da shi layin gaba na wata ɗaya. Wannan roƙon ba ya cin komai, kuma da wuya a hana ki.

Akwai tambaya ɗaya da nake so kada ki baro wurin ba ki yi ba: cikin ajin nan, yara nawa ne ba su kai 10 ba? In su biyar ne, to batun yaronki ne, a gida za a fi yin aikin. In kuwa rabin aji ne ko fiye, to abin ya wuce gidanki, kuma jikka biyar-biyar da kowace uwa ke biya a ɓoye ba za ta gyara shi ba. A nan ne kwamitin kula da makaranta ke da aiki, wanda ake kira COGES, a firamare kuma CGDES, tare da ƙungiyar iyaye da ta iyaye mata. Mutanen Tahoua sun fi kowa haƙƙin tuna wannan, don a jiharku ce a 2004 hukumar JICA ta Japan da ma'aikatar ilimi suka fara shirin da ya raya waɗannan kwamitoci, inda iyaye ke zaɓen shugabanninsu da ƙuri'ar sirri su tsara aikin shekara, kafin a yaɗa shi a ƙasa baki ɗaya. Daga baya shirin ya kawo wata hanya a makarantun firamare: a gwada yara duka, a kawo sakamakon gaban taron iyaye kowa ya gani, sannan a shirya ƙarin darasi bayan an tashi, malamai da masu sa kai na unguwa suna bi da yara gwargwadon matakinsu. Babu abin da ya hana iyayen kolaji su nemi irin wannan. Ki samu uwa biyu ko uku da ke cikin halinki, ku kai maganar tare. Ina faɗin haka da ƙarfi don yana ci mini rai in ga yara arba'in suna da ciwo ɗaya, kowanne ana dukansa a gidansu a kan laifinsa ne shi kaɗai.

Idan kin tattara duk wannan, mako biyu ya ishe ki, sai ki zaɓi abu ɗaya da ya fi girma ki sa ƙarfinki a kansa. In ido ne, tabarau da zaman gaba. In tsoron wani ne, a yi maganar da darakta. In karatu ne, kamar yadda nake zato, to mai koyarwar nan kada ki sallame shi tukuna, aikinsa za ki canza. Ina jin abin da yake yi yanzu shi ne maimaita darasin kolaji da taya yaron aikin gida, wato yana ɗora masa abin da ya riga ya fi ƙarfinsa. Ki ce masa ya ajiye littafin kolaji, ya fara daga matakin da gwaji ya nuna, ko da haɗa gaɓoɓi ne. Minti talatin zuwa arba'in kullum ya fi awa uku ranar Asabar. Yaron ne zai riƙa karantawa a bayyane, malamin na saurare yana gyarawa, ba malamin ya yi ta bayani yaro na gyaɗa kai ba. In ana samun ɗan littafin Hausa na boko a haɗa da shi, don haruffan kusan ɗaya ne, kuma yaro in ya ɗanɗana karanta abin da yake ganewa, yakan ɗauki wannan ƙwarewar ya shiga da ita Faransanci. In mai koyarwar ya ce wannan aikin ya yi masa ƙanƙanta, ki nemi wani. Ɗalibar lise mai haƙuri za ta iya.

Bayan mako shida a sake gwajin nan, da wani sabon labari mai nauyi ɗaya da na farko, a ƙirga kalmomin minti ɗaya a ajiye kusa da adadin farko. Kada ki auna da takardar sakamako ta gaba, ita takan makara, yaro na iya yin nisa a karatu makinsa bai motsa ba tukuna. In adadin ya hau, a ci gaba, a ƙara nauyi kaɗan. In bai motsa ba, ki fara tambaya ko an yi aikin kullum da gaske, kafin ki ce hanyar ce ba ta yi ba. In an yi, ido da kunne lafiya, amma har yanzu yana juya haruffa, abin da ya karanta jiya yau kamar bai taɓa gani ba, to akwai wata lalura da ake kira disleksiya, inda yaro mai cikakkiyar basira ke shan wuya wajen haɗa harafi da sautinsa. Ba lalaci ba ce, ba kuma aikin iska ba ne. Irin wannan yaron yana koyo, sai dai a hankali, da maimaici mai yawa. A wannan halin ki nemi darakta ya haɗa ki da masu ba malamai shawara a ofishin sufeto, su nuna miki inda za a dosa.

Maigida kuma kada ki yi jayayya da shi. Mutumin da ke rana a ƙasar wasu yana turo kuɗi, in ya ji 6 cikin 20 dole ransa ya ɓaci, kuma tunaninsa na a koya wa yaro abin dogaro da kai ba laifi ba ne. Ki roƙe shi zuwa ƙarshen shekarar karatu, watan Yuni, ki gaya masa abin da za a yi da ranar da za a sake aunawa. Ki sa ƙanwarki ta naɗi muryar yaron yana karatu a ranar gwajin farko, ta sake naɗa bayan mako shida, a tura masa duka biyun ta WhatsApp ya ji da kunnensa. Ko shi bai san Faransanci ba zai bambance mai tuntuɓe da mai tafiya.

Mai yiwuwa duk da haka yaron ya maimaita ajin, don giɓin shekaru ba ya cikewa a wata uku. In haka ta faru ba asara ba ce, muddin shekarar maimaicin an shige ta da karatun da aka gyara. Maimaici ba tare da gyara ba ne ke kai yaro ga kora. In kuma bayan an yi duk wannan aka ga zuciyarsa na wajen aikin hannu, akwai cibiyoyin koyon sana'a na gwamnati, CFM, da kolejojin fasaha, CET, inda zai koyi kanikanci ko walda ko lantarki yana ci gaba da karatu da lissafi, ya fita da takarda. Ki tambayi darakta ko ofishin magajin gari wanda ya fi kusa da ku da lokacin da suke ɗaukar yara. Wannan ya fi a tura ɗan shekara 13 Abijan.

In kun yi gwajin, ki sa ƙanwarki ta rubuto mini matakin da ya tsaya, da kalmomi nawa ya karanta a minti ɗaya, da yawan yaran ajinsu da ba su kai 10 ba. Da waɗannan zan iya gaya miki irin darasin da mai koyarwar zai fara da shi. A gaida surukarki da yara.